Kafin Kunnen Auta Ya Rufe

Zuwa ga Baban Auta,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar wadda ta daɗe ba ta ga mijinta ba. Yaya aiki, yaya ciwon bayan nan naka? Ina fata kana shafa maganin da na sa maka a jaka. Tun da waya ba ta kama ku a tsakiyar ruwa, na zauna na rubuta da hannuna, ofishinku za su aika da takardar jirginku. Inda ka ga na goge ka yi haƙuri, hannu ne da ya koyi riƙon biro da girma. Da Auta ke duba mini, wannan kuwa ba na so ta gani.

Mun koma asibiti. Kunnenta na hagu dai ka sani, tun zazzaɓin nan ya tafi. Yanzu likita ya ce na daman ma ya fara bin sawu. Ya shigar da ita wani ɗan ɗaki mai ƙofa mai nauyi, ya ce ta ɗaga hannu duk sanda ta ji ƙara. Ina leƙe ta gilashi, ina ganinsa yana danna abin, hannun 'yarka yana kan cinya. Ya ce a raba ta da hayaniya, a lallaɓa abin da ya rage.

To ka san abin da ta yi? Muna fitowa ta ce in wuce gida. Can sai ga ta da wata baƙar jaka a baya da akwati a hannu. Jita ce ta lantarki, ja wur, ta hannu, duk gefenta ya koɗe. Abin da take tarawa a shagon ɗinki don sayen kekenta ta kwashe ta kai wa mai shagon kayan kiɗa. Akwatin kuwa lasifika ne. In ba a jona su ba, jitar ba ta fi kukan sauro ba. In an jona, kofunan kan tebur har rawa suke yi.

Na tambaye ta dalili. Ta ce tun tana makaranta take so, tana ta cewa sai nan gaba, yau kuma likita ya nuna mata nan gaban ba nata ba ne. Waƙa ɗaya tak take so ta kaɗa da hannunta, ta ji da kunnenta.

Ba ta iya komai ba tukuna. Ta yanke farcenta, tsirkiya ta tsattsaga mata yatsu, allura ma da ƙyar take riƙewa. Mai shagon ke koya mata in ta tashi daga aiki. Matar benen sama ta leƙo ta tambaye ni ko akuya muke yankawa da wuƙa marar kaifi. Na yi dariyar kunya, na shiga kicin na yi kuka. Duk ƙarar da ta fito daga akwatin nan ji nake kamar ana ɗiban kunnenta da cokali.

Ka rubuto don Allah. Taka takan ji. Ni ta mai da ni rediyo.

Allah ya tsare mana kai.
Matarka, Maman Auta.

*

Baban Auta,

Sallama da fatan alheri. Amsarka ta iso, na ji daɗi da ka ce bayan ya yi sauƙi. Ka riƙa cin abinci a kan lokaci. Mu nan lafiya, in dai lafiyar jiki ce.

Ka ce a raba ta da abin ko ta halin ƙaƙa. Jitar na kasa taɓawa, tana kwance a gadonta kamar jaririya. Akwatin na ɗauka tana wurin aiki, na kai gidan ƙanwarka. Da ta dawo ban ɓoye mata ba, na ce ni na ɗauka, kuma da saninka.

Da ma ta yi ihu, da na fi samun sauƙi. Kallona kawai ta yi. Ka san yanzu rabin magana a bakin mutum take karanta ta. To ta daina kallon bakina. In na zo ta dama ta juya hagu, in na sha gabanta ta sunkuyar da kai. Ɗaki ɗaya muke cin abinci, amma ta kashe ni kamar fitila.

Na ɗauka za ta haƙura ta ajiye. Ranar hutunta na shiga kai mata wanki, abin da na gani har yanzu bai bar idona ba. Tana zaune a ƙasa ta lanƙwashe, ta kafa haƙoranta a jikin katakon jitar, tana kaɗawa a haka. Yawu yana zuba kan jan fentin. Ashe in ta cije, sautin yana bi ta ƙashi ya shiga kanta. Ban san wa ya gaya mata ba, ko ita ta gano. Wuyanta ya sage, da safe sai ta juya jiki gaba ɗaya in za ta waiwaya. Gefen jitar duk shatin haƙora ne kamar ɓera ya samu sabulu.

Na je wurin mai shagon na roƙe shi ya daina koya mata. Dattijo ne mai kunya, ya ba ni kujera. Ya ce shi ba likita ba ne, kuma ko ya kore ta, a bakin ƙofa za ta tsaya tana kallon hannun masu gwada kaya.

Baban Auta, ni ban sani ba. Tsare kunnen nan nake yi, ko horon yunwa nake masa? In na mayar da akwatin ya ƙarasa shi, da wane ido zan dube ka? In na bar shi can, da wane ido zan dube ta? Kai kana ruwa, ni ce a kan wuta. Ka yi mana addu'a.

Taka har kullum,
Maman Auta.

*

Baban Auta,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya. Ban jira amsarka ba, ka gafarce ni, kuma gaisuwar yau gajeruwa ce.

An sake gwajin. Duk shirun da muka yi bai tsayar da komai ba, jin ya ƙara sauka. Na gaya wa likita batun akwatin, na ce ai na ɗauke tun tuni. Ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi. Ya ce ciwon daga ciki yake ci, da kiɗa da babu kiɗa tafiyarsa yake yi. Ya ce kada dai ta ƙure ƙarar, amma duk abin da take so ta ji, a bar ta ta ji yanzu.

Daga asibiti gidan ƙanwarka na zarce. Na tarar ta shimfiɗa wa akwatin ƙyalle ta ɗora tukunyar fure. Ko zama ban yi ba. A mota kan cinyata na riƙe shi, yaron mota yana cewa in biya wa ɗana kujera.

Ina isa gida Auta ta karɓa ta jona wayar. Ta taɓa tsirkiyar sama, mai kaurin, ta yi wani gurnani, na ga fuskarta ta buɗe. Ta bi ta biyu, ta uku. Da ta iso kan siraran na ƙasa sai ta tsaya. Ta sake taɓawa. Ta murɗa abin ƙara sauti. Ta zare waya ta hura ta mayar, ta bubbuga akwatin. Sannan ta ɗago ta dubi bakina, karon farko tun ranar nan, ta ce Gwaggo ta lalata mata lasifika.

Baban Auta, lasifika lafiyarta ƙalau. Ƙarar siririyar nan har cikin haƙorina nake jin ta, matar sama ma tana buga ƙasa da tsintsiya. Lokacin da ta sayo jitar tana jin siraran duka. A kwanakin da akwatin ke ƙarƙashin tukunyar fure suka tafi.

Na so in bar laifin a kan ƙanwarka, wallahi na so. Amma na durƙusa daidai fuskarta na faɗa mata a hankali, yadda za ta gani. Ta gane. Ta kwantar da jitar, ta sa kanta a cinyata, ba ta yi kuka ba. Ni na yi mana.

Matarka.

*

Zuwa ga Baban Auta,

Gaisuwa mai yawa da kewa. Yaya ruwa, yaya abokan aiki? Na karanta taka. Ka daina cewa laifinka ne, mu biyu muka ɗauki akwatin nan, kai da baki ni da hannu.

Auta ba ta ajiye ba. Aiki ma ta ba ni. Mai koyo yakan danne tsirkiya ba daidai ba, sai ta fito a mace, ƙif, kamar an toshe mata baki. Masu kauri tana jin kayanta, siraran kuwa ni ce kunnenta. Nakan zauna gabanta in riƙe ƙafarta, tana bin su ɗaya bayan ɗaya. In ta fito garau in sake, in ta mutu in matsa. Ta sa na rantse ba zan tausaya mata ba. Ni da ban san kan kiɗa ba, yau har mai shago yana tambayata yadda ɗalibarmu take.

Jiya ta kaɗa waƙar daga farko har ƙarshe ba ta tsaya ba. Ta ɗago tana haki, tana jira. Akwai wuri ɗaya da ƙaramin yatsanta ya kashe siririyar. Zuciyata ta ce ki bari, wa zai sani? Na matsa ƙafar. Ta harare ni, ta ce Mama ba ki da imani, ta yi dariya, ta koma farko. Rabin waƙar take ji, rabin a hannuna take karɓa.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto. Da safe tana guga na kira ta daga bayanta, ta kunnen dama, kusa ƙwarai. Ba ta juyo ba. Ba fushi ba ne wannan karon. Na ɗaga murya har maƙogwarona ya yi zafi. Sai wata babbar mota ta wuce a titi, ta waiwaya ta dubi taga. Likita ya ce haka abin yake, siririn sauti ke fara tafiya, mai kauri ya bi baya. Muryata siririya ce. Ta riga ta tafi, ban ma san kalmar ƙarshe da ta ji daga bakina ba. Ina tsoron ko faɗa ne.

Taka mai kauri ce, Baban Auta. Tana nan tukuna. Kada ka jira ƙarshen kwangila. Ka je wurin shugabanku, ka roƙa, ka durƙusa in ta kama, in sun hana ka sauka a tashar farko. Abin da za mu ci Allah zai kawo. Ka zo ka tsaya a bayanta ka kira sunanta.

Ina jiranka, ba takarda ba.
Matarka, Maman Auta.