Aljanin Hamdiya Mai Jin Ingilishi

Buza, farkon watan Yuni

Zuwa ga Maigidana,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da kasuwar albasa da abokan zamanka na Kumasi. Mu nan lafiya lau. An gama sharar gona, ruwa muke jira. Inna na gaishe ka, ƙafarta ta yi sauƙi.

Kada ka yi mamakin takarda. Duk saƙon muryar da ka turo sai mahaifiyarka ta sa an kunna mata shi a tsakar gida, shi ya sa na ba Mahamud direba wannan ya damƙa maka a hannu.

Maganar ɗiyarmu Hamdiya ce. Jarrabawar birbe, ta kammala ƙaramar sakandare, ta matso, kuma ka san Ingilishi ne ke kayar da ita. Mushensu, wato malaminsu, ya ba su kalmomin da ke rikita yara, masu sauti guda ma'ana daban. Wai rana da ɗa namiji kiransu ɗaya, haka nama da haɗuwa. Na ce Allah ya sawwaƙe wa masu wannan harshe. Yarinya kuwa ta sa abin a ranta. Tana daka tana faɗa, tana wanke-wanke tana faɗa. Ta maimaita kalma sau biyu, ta girgiza kai, ta sake. Akwai ma wata da sai ta sa harshe tsakanin haƙora ta hura iska kamar kyanwa ta ga kare.

To, Inna ta zuba mata ido. Ta tuna ƴan matan da suka faɗi suna ihu a lakwal, makarantar bokon nan, bara, ta ce abin ne ya biyo jikarta gida. Hujjarta, mai hankali ba ya faɗin abu guda sau biyu ya rantse biyu ne. Na yi bayani har miyau ya ƙare mini, ta ce ni ma lakwal ta taɓa ni. Ni da na tsaya aji shida!

Yanzu ta ce sai an kai ta wurin Malam Gajere, mai cire iskoki can bayan Azarori. Mutumin nan ba ya sallamar kowa sai aljanin ya yi magana ya rantse zai fita, wasu har wata suke yi. In aka tafi da ita, jarrabawa ta wuce ta. Kai kana jin Ingilishin nan kullum a kasuwa, kuma kai kaɗai Inna ke saurare. Don girman Allah ka kira ta.

Taka har kullum,
Adawiyya

Buza, tsakiyar watan Yuni

Maigida,

Ina gaishe ka da aiki, da fatan kana cikin ƙoshin lafiya. An yi ruwan shuka, mun shuka hatsi.

Na ji kiran da ka yi. Wai a bi a hankali, Inna ta fi mu sanin duniya. Haba, Maigida! Abin da na roƙe ka ke nan? Wallahi da ka yi shiru ya fi mini, don tana ajiye waya ta ce ko ɗanta ya yarda.

Na ruga na ɗauko Mushe Ridwan, malamin Ingilishin, ya zo da kansa, bawan Allah, ya durƙusa ya gaishe ta. Don ya nuna mata karatu ne, sai ya shiga jero kalmomin nan bibbiyu, har da ta sa harshe a haƙora. Inna ta ja tabarmarta baya ta yi salati, ta ce yau ta ga inda abin ya fito. Ko ruwan da aka kawo masa bai sha ba.

Washegari ta ɗauki Hamdiya suka hau mota. Na bi su ranar kasuwa. Na tarar da ɗiyarka idanu jajur don hayaƙin turare, ciki cike da rubutu. Tana ta ce musu lafiyarta ƙalau, Malam Gajere na cewa ai masu taurin kan haka suke faɗa. In ta yi kuka a ce shi ne, in ta yi shiru a ce ya laɓe. Ka gaya mini ta ina mutum zai fita? Na dawo ina kuka cikin mota, na ƙosa da kowa, har da kai.

Jarrabawa mako mai zuwa ce. Yarinyar da ta riƙa yin karatu a gindin murhu don kada a ce ta guji aiki.

Matarka,
Adawiyya

Buza, ƙarshen watan Yuli

Maigida,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan zazzaɓin da Mahamud ya ce ka yi ya sake ka. Hatsi ya kai gwiwa, an gama noman farko.

Hamdiya ta zauna jarrabawa, kuma ta ci. Ka yi hamdala, sannan ka ji yadda aka yi.

Da ta ga gaskiya ba za ta fisshe ta ba, sai ta ba su abin da suke nema. Ana tsakiyar karatu a kanta ta zube ƙasa, ta kumbura murya, ta kwararo musu kalmomin mushe kaf, bibbiyu, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Malam Gajere ya tambayi aljanin daga ina, ta ce daga bakin teku, ta rantse zai fita, ta yi atishawa ta miƙe. Malam sai murna, wai tun da yake bai taɓa kama mai jin Ingilishi ba. Aka sallame ta ana gobe jarrabawa. Ita ta faɗa mini da bakinta, tana dariya hawaye na zuba.

Amma ga inda ƙaryar ta kai mu. Duk unguwa yanzu an tabbatar. Mata na zuwa yi mini barka da arziki, ƙawayenta sun daina zama kusa da ita. Inna ta cusa littafin Ingilishin cikin murhu. Da sakamako ya fito ta ce albarkar Malam ce, kuma zancen lise, babbar sakandare, a Madawa babu shi, tunda da kunnenta ta ji abin ya yi magana. Na ce wasa yarinya ta yi, ta ce to ashe bai fita ba, a mayar da ita. 

Na riga na yi magana da yayata Zulaihatu a Madawa, ta ce ɗaki na nan. Ranar buɗe lakwal ni zan kai ta da ƙafata. In ka kira Inna kafin nan ka faɗa mata gaskiya tiryan-tiryan, na tafi da izininka. In ba ka kira ba, zan tafi duk da haka, su ce ni ma ya shige ni.

Inna na gaishe ka, maƙwabta na gaishe ka. Na tambayi Hamdiya abin da zan rubuta maka daga wurinta, ta ci gaba da dakanta ba ta ɗago ba.

Ni ce matarka,
Adawiyya