Sunana a Jikin Famfo

Sultana, Madina
Sha'aban 1419

Zuwa ga ɗana Abdussamad,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da matarka Hanan. Yaya aikin Yanbu? Mahaifiyarka tana gaishe ku.

Ka sani ba wanda ya ɗauko ni. Da ƙafata na zo garin nan, sakandaren ma ban ƙarasa ba. Ni na koya wa kaina injin sassaƙa ƙarfe, ni na kafa warshar nan, shagon sassaƙata, ni na riƙe ka har ka zama injiniya. Ban taɓa roƙon kowa ba.

Ka tuna azumin da famfon tarmus ya narke wa mahaifiyarka, tana haɗa shayin da muke kaiwa buɗa-baki Masallacin Annabi? Har yau tana jan hannun riga ta rufe tabon ƙunar. Na yi famfon ƙarfe, ya riƙa ƙona yatsa. Na yi na tagulla, shayi ya sauya ɗanɗano. Sai ka aiko mini sandar robar nan mai launin zuma, polisalfon. Wannan kam kai ne, na yarda. Amma ni na tafasa ta yini guda na ga ko laushi ba ta yi ba, ba wari, ba tsatsa. Ni na gano tina, ruwan tsinka fenti, tana tsattsaga ta, na hana wanke ta da shi. Yau daga Ƙuba zuwa tsakiyar gari, masu shimfiɗa sufrar buɗa-baki famfona suke nema.

Ka zo kafin azumi, akwai magana.

Mahaifinka,
Sharfuddeen Jumare

Sultana, Madina
Ramadan 1419

Zuwa ga Abdussamad,

Sallama, da fatan kuna shan ruwa lafiya. Amsarka ta iso, da Larabci kamar kullum. Ba komai, na gane ba a ba ka hutu ba.

Maganar ita ce likita ya ce zuciyata ta gaji, in bar injin. Ba na tsoro. Burina tun zuwana a sa ni a Baƙi'a. Amma jiya na bi wata gawa can, na tsaya ina duba: duwatsu ne kawai, ba suna ko ɗaya. Haka ya dace, ban ja ba. Sai na dawo warsha na ɗaga kai, allon ma sunan kafilina ne a jiki, ɗan ƙasar da nake sana'a ƙarƙashin sunansa. Mutumin kirki ne, bai taɓa cuta ta ba, sai dai kowa da sunansa yake kiran famfon. Wallahi sai da na nemi kujera.

Na gwada zana sunana a jikin famfo ɗaya, hannuna ya yi rawa, na ɓata shi. Robar tana karɓar zane, tafasa ba ta goge shi.

Saura ɗan kwali guda na famfon da na sassaƙa. Ka zo ka zana. Ba da fenti ba, ka huda shi ciki sosai. Sharfuddeen Jumare, cikakke, kada ka gajarta. Na ce roƙo ne? A'a, umarni ne.

Mahaifinka,
Sharfuddeen Jumare