Jikina Bai Baro Gida Ba

Yaya,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali. Yaya ƙafar Inna? Yaya haƙurin maman Auta? Allah ya ƙara mana dangana.

Ina nan lafiya, ɗakin da jami'a ta ba ni ba laifi. Barci ne kawai bai daidaita ba. Agogon ƙasar nan yana gaban naku da awa bakwai. Likita ya ce jiki kan gyara kusan awa ɗaya kowace rana: agogon ƙwaƙwalwa yana bin hasken rana, na ciki da hanta suna bin lokacin abinci. A lissafinsa mako guda ya isa. Yau kwanana arba'in.

Da safe ina tsaye gaban ɗalibai, jikina yana barci. Sau biyu shugaban sashe yana kirana yana yi mini gargaɗi. Jiya ya ce, "Malam, na uku a rubuce zai zo." Ba na wartsakewa sai ƙarfe ɗaya na rana, daidai asubarku, lokacin da nakan yi wa 'yata Auta allura kafin rasuwarta.

Gaskiyar ita ce, da gangan nake yi. Ba na ɗaga labule, ba na cin abinci sai a lokacinku. Ina tsoron ranar da wannan sa'a za ta wuce ban ji ta ba.

Kada maman Auta ta ji. Ka kira ni, Yaya, ka umarce ni in daina. Ni na kasa hana kaina, amma ban taɓa ƙetare maganarka ba.

Ƙaninka.