Kafin Ka Hau Jirgin Iskandariyya

Yaya Wa'il,

Gaisuwa mai yawa. Yaya azumi da zafin Aswan? Yaya Mama da gwiwarta? Kana dai shan maganinka da sahur, ko?

Ni lafiya lau nake a nan Iskandariyya. Makaranta ba laifi, Gwaggo Nabawiyya kuma sai ɗura mini kayan zaƙin nan kunafa take, wai na rame.

Abu ɗaya ne, shi ma ba wani abu ba ne. Kullum bayan shan ruwa ana kallon shirin azumin nan a talabijin, na mutumin da aka sallamo daga asibitin ƙwaƙwalwa. Jiya ya shaƙe matarsa yana dariya. Mijin Gwaggo ya ce, "Hajiya, Wa'il ɗan yayanki fa na zuwa da Sallah, ki fara ɓoye wuƙaƙe." Ta ce, "Kai dai Sabri, bakinka ba linzami." Aka yi dariya. Da safe na tarar an sa wa durowar kicin kwaɗo.

Na so in gaya musu kai ke yi wa Mama tausa, kai ke sayo mini littattafan soyayya a tasha. Da 'yan matan cikin littattafan ne, da sun miƙe sun yi magana. Ni kuwa sai na sunkuyar da kai.

Don Allah ka zo, kada ka fasa. Roƙona ɗaya ne: bana kada ka bari wanzami ya aske maka kai ƙwal. Mutumin shirin haka kansa yake.

Allah ya kawo ka lafiya.

Ƙanwarka,
Rihab