Daga Zakara Zuwa Bukka

Yaya Verlin,

Gaisuwa daga birnin Dayton. Ya mutanen gida? Ni lafiya lau, tsayuwar masana'anta ce kawai ke cin gwiwoyina.

Ka ce min, "Glenna, a zaɓen shugaban ƙasa gundumarmu ta sake dangwala wa jam'iyya mai bukka, mun ci!" Kun ci me? Baba ya mutu yana dangwala wa mai zakara, huhunsa cike da ƙurar kwal. Zakara na cara mahaƙar kwal ta rufe. Kuka koma bukka, asibiti ya rufe. Matasa sun watse, saura ku da maƙabarta.

Kawo min Mama kafin ciwon suga ya cinye ƙafarta. Ƙuri'arka ba ta wanke gyambo.

Allah ya shirye ka.

Ƙanwarka,
Glenna