Ƙorafi Kan Abin Da Ya Same Ni A Filin Koyon Harbi Na Stony Fork

Ronelle Tackett,
Ɗakin Girki, Makarantar Firamare ta Brewer Gap,
Gundumar Maddox, Jihar Kentucky.
Litinin, 6 ga Nuwamba, 2023.

Zuwa ga:
Mai Girma Babbar Lauyar Gundumar Maddox,
Uwargida Georgia Ledford,
Ginin Kotun Gunduma.

Ranki ya daɗe,

GAME DA: KARYA UMARNIN KOTU NA KARIYA, DA SAKACIN MAI SHAGON BINDIGOGI NA STONY FORK, DA ƘIN RUBUTA RAHOTO DA WANI JAMI'IN 'YAN SANDA YA YI

Bayan gaisuwa irin ta girmamawa, tare da fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ni ce mai suna a sama, 'yar shekara arba'in da tara, mai dafa wa yara abincin rana a makarantar da aka ambata. Ina neman izinin gabatar da ƙorafina a gaban ofishinki. Ban taɓa rubuta irin wannan takarda ba, saboda haka in an ga kuskure a tsarinta a yi mini afuwa.

1. Ranar 15 ga Agusta na wannan shekara, kotun gunduma ta ba ni takardar kariya daga tsohon mijina, Dale Combs, bayan zaman aure na shekara ashirin da uku. Ba zan maimaita dalilin a nan ba. Yana cikin fayil ɗin kotu, tare da hotunan da aka ɗauka a asibiti. Umarnin ya hana shi matsowa kusa da ni ƙasa da ƙafa ɗari biyar, ya kuma hana shi riƙe kowace irin bindiga har wa'adin ya cika. Alƙali ya karanta masa wannan a gabana, ya ce ya ji.

2. Tun da na koma zama ni kaɗai, na yanke shawarar mallakar ƙaramar bindiga don tsaron kaina. Mahaifina mafarauci ne, amma bai koya wa 'ya'yansa mata harbi ba, kuma a gidan Dale aikina da bindigogi bai wuce goge ƙurar kabad ɗin da suke ciki ba. Ranar Asabar, 9 ga Satumba, na je shagon Stony Fork, domin shi kaɗai ne a gundumar nan da ke da filin koyon harbi a bayansa. Mai shagon, Mista Colby Rudd, yana ganina ya ce, a gaban mutane: "A'a, matar Dale! Me ya kawo ki, ko ɓeraye ne suka hana ki sakat?" Na ce masa ni ba matar Dale ba ce yanzu. Na jira wurin ya yi sauƙi, sannan na ciro takardar kotu na nuna masa, ya karanta ta har ƙarshe. Na roƙe shi kada Dale ya ji cewa ina zuwa nan. Amsarsa ita ce: "Haba yaya Ronelle, a shagon nan mun ji abin da ya fi wannan. Ba mai ji daga bakina." Ina roƙon a lura da wannan: ya ga takardar da idonsa tun ranar farko.

3. Na shaida masa cewa albashina ƙarami ne, ina son mai araha wadda ba za ta ba ni kunya ba. Sai ya ciro mini wata 'yar mitsitsiyar libarba mai mariƙi ruwan hoda, ya ce ita mata suke saya, tana shiga jaka kamar kwalbar turare. Na kusa biya. Wadda ta hana ni ita ce Malama Oleta Spurlock, tsohuwar soja mai kusan shekara saba'in, wadda ke koyar da mata harbi a filin kowace Asabar da safe. Tana tsaye tana shan kofi a bayana, sai ta ce: "Colby, mayar da abin wasan nan cikin gilashi." Ni kuma ta ce mini: "'Yar nan, ƙaramar bindiga ta fi cizon hannu. Wadda za ki saya ita ce wadda hannunki ya cika da ita, wadda za ki harba sau hamsin ba ki tsane ta ba. In kin tsane ta ba za ki yi ta gwaji ba, in ba ki yi gwaji ba gara ki sayi kare." Ta sa aka ba ni hayar guda uku na gwada. Libarbar nan ta bar mini tafin hannu yana zogi har washegari. Ta biyu na kasa jan ƙarfen samanta baya don ɗana ta, domin yatsuna sun yi tauri da aikin ruwan zafi. Ta uku matsakaiciya ce, baƙa, wani ya taɓa amfani da ita, mariƙinta ya ɗan goge. Ita na saya a Asabar ta gaba, bayan an kammala binciken da doka ta ce, tare da akwatin ƙarfe mai makulli. Na kawo wannan bayani ne domin a san cewa ban yi gaggawa ba, kuma ban tsallake ko ɗaya daga ƙa'idojin ba.

4. Daga nan ban fasa zuwa darasi ko sau ɗaya ba. Na koyi tsayuwa, da cire gidan harsashi, da ajiye yatsa nesa da kunamar bindiga sai an auna. Malama Oleta ta ce hannuna ya fara zama. A makonnin nan ne na fara iya cin abinci a zaune.

5. Ranar Asabar, 28 ga Oktoba, ina layi na huɗu a filin, kunnuwana a toshe, bindigata cike, ina auna takardar da ke rataye a gabana. Tsakanin kowane layi da na kusa da shi akwai allon katako, ba ka ganin maƙwabcinka sai hannuwansa in ya miƙa su. Wani ya shiga layi na biyar. Da ya miƙa hannuwansa sai na ga babban yatsan hagu mai tsagaggen farce, na kuma ga zoben aurenmu. Ya harba duk abin da ke cikin bindigarsa a hankali, ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya leƙo ta gefen allon, ya ɗaga abin toshe kunnena da yatsa ɗaya, ya kira ni da sunan da yake kirana a gida, ya ce: "Kina sakin numfashi kafin ki ja, Nell. Ke dai kullum gaggawa."

Ranki ya daɗe, an tambaye ni sau da yawa abin da na ji a lokacin. Ban ji komai ba. Na cire yatsana daga kunama, na zare gidan harsashi, na ajiye bindigar a kan benci bakinta na kallon gaba, kamar yadda aka koya mini. Na tsaya ina kallon takardar. Malama Oleta ce ta daka tsawa a dakatar da harbi, ta zo ta shiga tsakaninmu, ta ce masa: "Ajiye ta, yaro. Ajiye ta ka ja da baya, tun ban manta da shekaruna ba." Ya ajiye yana dariya.

6. Bindigar da ke hannunsa ta hayar shagon ce, da lambar shagon a jikinta. Mista Rudd da kansa ya ba shi ita, shi kuma ya ba shi layin da ke manne da nawa, alhali ga wasu layuka har shida ba kowa a cikinsu. Da Malama Oleta ta tuhume shi, ya ce: "Ni ɗan kasuwa ne, ba alƙali ba. Mutum ya zo da kuɗinsa in kore shi?" Ta tambaye shi yadda aka yi Dale ya san ranar da nake zuwa da kuma lokacin. Ya ce gari ƙarami ne. Daga baya na samu labari cewa shi da Dale suna da rumfar farauta ɗaya a dajin bayan tafki. Da na san haka tun farko da ban nuna masa takardata ba.

7. Malama Oleta ta kira 'yan sanda. Jami'in da ya zo, Mista Shane Begley, ya tarar da Dale a tsaye a wajen ajiye motoci, jingine da motarsa. Ina kallonsu ta taga. Sun gaisa da hannu, suka yi hirar buɗe lokacin farautar barewa, har Dale ya nuna masa wani hoto a waya. Da ya shigo wurina, na miƙa masa takardar kotu. Ya duba shafin farko kawai ya ce: "Uwargida, nan wurin kowa da kowa ne. Ya ce bai san kina ciki ba, kuma ga shi ya fita da kansa. Kada mu mai da ƙaramin abu babba." Na nuna masa sakin layin da ya hana Dale riƙe bindiga. Ya ce ta haya ce, ba mallakarsa ba, wannan kuma sai lauyoyi. Na roƙe shi ya rubuta rahoto. Ya ce zai duba. Ranar Talata na je ofishinsu, aka duba aka ce babu wani rahoto da sunana. Game da na'urar ɗaukar hoto da ke saman ƙofar filin, Mista Rudd ya shaida wa jami'in cewa ta lalace tun bazara.

8. Kafin in bar shagon a ranar, Mista Rudd ya ce kada in sake zuwa, wai ba ya son rigimar iyali a wurin sana'arsa. Bai faɗa wa Dale haka ba. Malama Oleta ta kwashe kayanta ta ce ita ma ta bar koyarwa a wurin, bayan shekara goma sha ɗaya. Sauran matan ajinmu su biyar yanzu ba su da malama. Filin da ya fi kusa da mu yana wata gunduma, tafiyar kusan awa biyu, motata kuma ba ta jure doguwar hanya. Na koma gida a ranar na wanke kwanuka, na goge kayan aikin Litinin.

9. Ranar Alhamis, 2 ga Nuwamba, na tashi daga aiki da rana, na tarar an maƙale wata takarda a gilashin gaban motata, a cikin harabar makaranta, inda yara ke wucewa zuwa motocin da ke kai su gida. Irin takardar da ake aunawa ce a filin Stony Fork, da tambarin shagon a ƙasanta. Ramukan harsashi goma ne, duk a tsakiya, tafin hannu ɗaya zai rufe su. Ba a rubuta komai a jiki ba. Na sa safar hannu ta girki na cire ta, na saka a leda mai tsabta, tana wurina. Ban kira 'yan sanda ba a wannan karon. Ina fatan za a fahimci dalili.

Saboda abubuwan da na zayyana, ina roƙon ofishinki mai daraja, cikin ladabi, da ya yi waɗannan:

(a) A gurfanar da Dale Combs a gaban kotu kan karya sharuɗɗa biyu na umarnin 15 ga Agusta.

(b) A karɓi littafin hayar bindigogi na shagon Stony Fork na ranar 28 ga Oktoba tun bai ɓace ba, a kuma binciki ko gaskiya ne na'urar ɗaukar hoton ta lalace. A miƙa batun Mista Rudd ga hukumar da ke ba shi lasisi.

(c) A tambayi Jami'i Begley, a rubuce, dalilin da ya sa bai rubuta rahoto ba.

(d) A karɓi takardar da aka maƙale mini a mota, a kuma nemi hoton harabar makaranta na ranar Alhamis. Shugaban makarantar ya ce ba sa ajiye hotunan fiye da mako biyu.

Malama Oleta Spurlock ta amince ta ba da shaida a duk lokacin da aka neme ta, haka ma biyu daga cikin matan ajinmu.

Ranki ya daɗe, ina zuwa aiki kullum, ina dafa abin da aka rubuta a jadawali, ina zuba wa yara. Abokan aikina sun ce ina da ƙarfin hali. Ba ƙarfin hali ba ne, kawai dai ba na jin abubuwa yadda na saba ji. Abu ɗaya ne na tabbatar da shi, shi ya sa na zauna na rubuta wannan takarda: ba na son in harbi Dale Combs. Uban 'yata ne, kuma tana da ciki wata bakwai, ba na son ta haihu tana zuwa gaishe da ɗayanmu a kurkuku, ɗayan a maƙabarta. A yanzu na iya harbi daidai gwargwado, shi ma ya san na iya. Ina roƙon hukuma ta shiga tsakaninmu tun akwai sauran wurin shiga.

Ina jiran amsarki, tare da matuƙar girmamawa da biyayya.

Taki mai ƙorafi,

Ronelle Tackett