Masinja Ta Ajiye Aiki

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya ciwon gwiwar nan taki? Ina maigidan da yara? Allah ya sa kowa lafiya.

Kada ki yi mamakin ganin wasiƙa. A waya ba kya barina in kai aya, da na buɗe baki sai ki ce in yi haƙuri. Takarda kuwa ba ta katse mutum.

Na ajiye aikin masinja. Kin san tun da Auta ya bar shagon kafinta na Baba ya buɗe shagon aski, Baba bai ƙara yi masa magana ba. Gida ɗaya, ƙofa ɗaya, amma sai Baba ya kira ni in gaya wa wancan mai askin ya ɗauke babur ɗinsa daga hanya. Auta kuma ya kira ni in gaya wa Baba ya sha maganinsa. Ni da ke gidan guga, gumi har cikin ido! Ku kuma kuka mai da abin wasa, kuka laƙaba mini Masinja.

Makon jiya ina guge farar rigar wani, waya maƙale tsakanin kunne da kafaɗa, Baba na ta faɗa a kan famfon da Auta ya bari a buɗe, sai ƙirjina ya ɗaure. Ban farga ba sai da na ji ƙauri. Dutsen guga ya bar shaidarsa ɓaro-ɓaro a bayan rigar mutane. Mai gidan gugar ba ta yi faɗa ba, asibiti ta sa aka kai ni. Likita ta gama aune-aunenta ta ce zuciyata lafiya lau, damuwa ce ta yi mini yawa. Ta tura ni wurin wata mata da aikinta sauraron masu irin ciwona. Matar ta tambaye ni, ni me nake so. Na san abin da Baba ke so, na san abin da Auta ke so, nawa ne ban sani ba.

Jiya na gaya wa kowannensu ba na ƙara ɗaukar saƙo. Na kuma mayar wa Auta injin askinsa. Ke ba ki sani ba, amma da shi nake yi wa Baba aski a tsakar gida, shi Baba yana yi kamar bai san mai injin ba. To, ni ba mai aski ba ce. Akwai mai aski a gidan.

Ki gai da kowa.

Ƙanwarki,
wadda kuke ce wa Masinja

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarki da ta yara, na ji saƙonki, na saurare shi har ƙarshe.

Kin ce na taurare, kin ce wannan matar ta hure mini kunne. Babu wanda ya hure mini kunne, Yaya. Tana zaune ne kawai tana saurare, abin da ba a taɓa yi mini ba a gidanmu. Kin ce idan wani abu ya sami Baba ni ce sila. Haba! Ni da aka kwasa asibiti daga gidan guga, wa aka ce shi ne sila? Har kin ƙare da cewa in gaya wa Auta ya ji tsoron Allah. Kina da lambarsa. Ki kira shi.

Ba zan ɓoye miki ba, abin yana ci na. Baba ya daina amsa gaisuwata. Kullum in na tashi aiki ina biyawa shagonsa, in share masa garin katako, in tsince ƙusoshin da idonsa ba ya gani yanzu, in gaishe shi. Sai ya ci gaba da goge katakonsa kamar ba da shi nake ba. Ranar farko na yi kuka a bayan shagon. Amma gobe ma zan koma in gaishe shi. Ubana ne, ina son sa, ba zan daina zuwa ba. Saƙo ne dai ba zan ɗauka ba.

Da kin ga kansa da kin yi dariya. Suma ta yi tsiri-tsiri, hula ta ƙi zama, garin katako ya sami masauki. Kin san tun da katako ya fasa masa ƙeya ba ya yarda baƙon hannu ya matso kusa da tabon nan. Mutum biyu ne suka san yadda ake kewaya shi: ni, da Auta da ya koyi askin a kan wannan kan tun yana ƙarami.

Ni kuwa na fara barci. Ina kashe waya in na kama aiki, ban ƙara ƙona rigar kowa ba.

Ƙanwarki mai ƙaunarki, ko kina fushi

Zuwa ga Yayata,

Ina gaishe ki, ina gai da maigidan. Na ji an ce gwiwar ta yi sauƙi, Allah ya ƙara afuwa.

Shekaranjiya na biya shagon Baba na tarar ya sa kwaɗo yana jirana a waje. Ya kama hanya, na bi shi a baya. Bai tsaya ko'ina ba sai ƙofar shagon Auta. Ya dube ni, nufinsa in shige gaba. Na ja na tsaya a bakin titi. Ƙirjina ya fara ɗaurewa, na ja numfashi a hankali yadda matar nan ta koya mini, ban motsa ba.

Ya shiga shi kaɗai. Ta gilashin shagon nake ganin komai. Auta ya daskare da tsintsiya a hannu. Baba ya cire hula ya zauna a kujera kamar dama nan yake zuwa. Auta ya yafa masa ƙyalle, ya kunna inji.

Da aka zo wajen ƙeya sai Baba ya ɗaga hannu. Ya waiwayo yana nemana, na ga bakinsa ya fara wannan "ki gaya masa" ɗin da na sani. Na harɗe hannuwana a ƙirji, na girgiza kai. Ya harare ni, harara irin wadda da can take sa ni rawar jiki. Na tsaya ƙyam. Can sai ya juya ya dubi madubi, ya yi magana. Auta ya sunkuyo ya amsa. Baba ya ƙara cewa wani abu.

Na san za ki tambaye ni me suka ce. Yaya, ban sani ba. Gilashi ne tsakanina da su, ban ji ko kalma ɗaya ba, kuma ban tambaya ba. Ban taɓa jin daɗin rashin sanin abu kamar wannan ba. Na juya na koma gida na kwanta.

Yau da safe Baba ya amsa gaisuwata, a taƙaice, yana shafa ƙeya. Idan kina son jin abin da suka faɗa, ki tambaye su da kanki.

Ki shafa mini kan yara.

Ƙanwarki,
mai guga